Turken 'Yar Inna

Shekaranjiya jikata Ummi ta zo gaishe ni daga gidan mijinta, ta kawo mini tsarabar alewa, wai mai taushi ce, irin wadda marasa haƙora za su iya. Na ce madalla, na zauna ina kwancewa. Baƙar leda a waje, cikinta wata fara mai sheƙi, cikin farar akwai kwali, cikin kwalin wata roba mai gurbi-gurbi, a kowane gurbi kuma alewa guda ɗaya tal, ita ma da 'yar rigarta daban. Kafin in kai ga abin da zan sa a baka na tara shara cike da cinyata. Na ce, "Ke Ummi, alewar kika sayo ko da kayan lefenta aka haɗo miki?" Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Kai Kaka, ke dai ba kya rabo da tsiya. Haka fa ake sayar da ita." Na ce na sani, ai shi ne abin da ya dame ni. Na sha alewar, ba zan yi mata ƙarya ba, da daɗi. Amma sharar nan na ƙi yarda ta taɓa ƙasa. Na ƙulle ta a gefen zanena, ina zaune da ita har la'asar ban san inda zan kai ta ba. Rashin sanin inda zan kai ta ɗin nan shi ya fama mini tsohon miki, ya mayar da ni gidan Inna.

Gidanmu yana bayan tsohuwar kasuwar Kontagora, wajen da shaguna suka cinye yanzu, har in na wuce ba na gane inda ƙofarmu take. Inna, mahaifiyata, alala take yi ta sayarwa. Abin da ke tashe ni da safe ƙarar dutsen niƙa ne, gurr, gurr, tana niƙa jiƙaƙƙen wake tana 'yar waƙarta ta hanci, wadda har ta koma ga Allah ban taɓa jin kalmominta ba. Daga nan sai bugun ludayi a ƙwarya, sai ƙamshin manja da albasa, sai kukan awaki a turke don sun san lokacinsu ya kusa. Aikina wankin ganye ne. Wani faffaɗan ganye ne da ke fitowa a bakin rafi, mu dai ganyen alala muke ce masa, ban taɓa tambayar sunansa na gaskiya ba. In wanke ɗaya bayan ɗaya, in goge, in miƙa mata. Ta naɗe shi kamar mazurari, ta zuba ƙullun wake, ta lanƙwashe bakin, ta ɗaure da zaren ɓawon kalgo. Sai a shimfiɗa karare a gindin tukunya, a jera, a rufe. In tururin nan ya taso, wallahi har masu wucewa ta bayan danga sai sun rage tafiya. Wanda bai ci alalan ganye ba ban san yadda zan kwatanta masa ba. Ganyen yana sa mata wani ƙamshi na ɗanyen daji da ba a saye a kanti.

Inna tana da ƙullinta da ba irin na kowa ba. Sauran mata sukan ɗaure su ja tamau, sai mai ci ya sa haƙori. Ita kuwa ta naɗa sau biyu, ta lanƙwasa wutsiyar zaren ta tura ta ƙasa, sai wani ɗan kunne ya fito. Ja ɗaya za ka yi ya warware, zaren bai tsinke ba, gobe a sake aiki da shi. Na sha ranƙwashi kafin in iya. Takan ce, "Ƙullin da ba ya kwantuwa na mugu ne. Sake." In sake, ina ƙunƙuni a ciki. Da hannuna ya kama kuwa, ko idona a rufe sai ya yi, kuma ban taɓa iya wani ƙulli bayan shi ba.

Mai kawo mana ganyen wata Bakambara ce, Ladi, daga wani ƙauye a kan hanyar Zugurma. Kowace ranar kasuwa sai ga ta da dami a kafaɗa, ƙafafunta jiƙe da raɓa, ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Ƙawa, na iso." Hausarta a karkace take, ta Inna a miƙe, amma sai su raba hantsi suna hira suna dariya har Inna ta manta da tukunya. Ladi ta kalle ni ta ce, "Yarinya ya girma, ya kusa kai ni tsawo," in ruga in ɓuya don kunya. Daga nan mu rankaya kasuwa tare. A wancan lokacin macen da ta fito kasuwa hannu rabbana, ba kwando ba ƙwarya, sai a ce ba cefane ya fito da ita ba, a bincika dai. Mai yana da kwalbarsa, gishiri yana da ƙoƙonsa, hatsi ƙwaryarsa. Daddawa a ganyen kalgo take zuwa, goro a ganyensa, nama kuwa mahauci ya huda ya zura kaba ya miƙo maka ka rataya a yatsa. Da kasuwa ta watse, abin da za ka gani a ƙasa ganye ne da ɓawon rake da sawun mutane. Awakin gari su shigo su share, ruwan sama ya ƙarasa sauran. Ba na cewa mun fi 'yan yanzu tsabta ko hankali, a'a, mu ma akwai ƙazamai a cikinmu, na san su da sunansu. Sharar tamu ce dai take da inda za ta.

Ranar da ba na mantawa, ban fi shekara tara ko goma ba. Lokacin noman fari ne, Baba ya tara gayya a gona, Inna ta aike ni in kai musu alala cike da ƙwarya. Suka ci, suka sa albarka, suka mayar mini da ganyen a ƙwaryar. A hanyar dawowa na tarar da wata kaɗanya ta zubar da 'ya'ya, nunannu, sai ƙamshi suke. Yo me zan yi da tsohon ganye? Na kifar da shi a gefen hanya, na cika ƙwaryata da 'ya'yan kaɗanya, na taho ina tsalle ina jiran yabo. Inna ta leƙa ƙwaryar, ba ta ko taɓa ɗaya ba.

Ta ce, "Ina ganyen?"

Na ce, "Na zubar."

"A ina?"

"A hanya mana, Inna. Ai an gama da shi."

Ta ajiye muciyar da ke hannunta. Ta ce, "Wa ya gaya miki an gama da shi? Koma ki kwaso. Guda nawa na ba ki, guda nawa nake so."

Rana ta take, ƙasa kamar garwashi, ga ni ba takalmi. Na koma ina kuka ina tsine wa kaɗanyar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Na tsince ganyen kaf, har wanda iska ta kai cikin ƙaya. Da na dawo ba ta dake ni ba. Hannuna ta kama ta kai ni turke, inda jar akuyarta take ɗaure, ta ce in miƙa mata. Akuyar ta fizge, ta lashe ragowar waken, ta bi da ganyen, har tana taɓa yatsuna da leɓenta mai ɗumi. Inna ta nuna mini kashin awakin da ke gindin turken, ta nuna jujin da ake tara shi a kusurwar gida, sannan ta nuna hanyar gona da haɓarta. Ta ce, "Ganye bai gama aiki ba sai ya shiga cikin akuya. Akuya ta ajiye mana a turke, mu kwashe mu kai gona, gona ta ba mu wake, waken ya dawo cikin ganye. Ke a wane wuri kika ga an gama? Duk abin da ya ɗauko miki abinci, kada ki yar da shi a hanya kamar bai yi miki komai ba. Ki kai shi turke." Sannan ta wanke mini ƙafa, ta zauna muka sha 'ya'yan kaɗanyar tare. Tun daga ranar maganar ta bar kunnena ta koma hannuna.

Akuyar nan ba saye aka yi ba. Uwar Inna ce ta ba ta kakar akuyar ranar aurenta. Jajaye ne dukkansu, kuma kowace mace a zuriyar takan fito da fari a kunnen hagu, kamar an tsoma shi a nono. Ranar da aka kai ni ɗakin miji, bayan masu ɗauke da kwalla da tasoshi, ga gwaggona tana jan wata 'yar budurwar akuya tana turjewa, mutane suna ta dariya wai amare biyu aka kawo kuma duk ba mai son tafiya. Inna ta ce mini, "Namiji ki sayar, ki yanka, ki yi kyauta. Amma mace kada ki bari ta yanke a hannunki. In kin aurar da 'ya, ki ba ta." Na sa mata suna 'Yar Inna, kuma duk wadda ta gaje ta sunan ke nan. Nononta ya raini ɗana na biyu lokacin da nawa ya ƙafe. Bunsurunta aka yanka ranar da babban ya sauke karatu. Allah bai ba ni 'ya mace ba, maza uku na haifa, don haka na riƙe amanar ina jira. Da matar babban ɗana, Rabi, ta haifi mace aka sa mata sunana ake kiranta Ummi, na ɗauke ta na kai ta turke tun tana cikin zanen goyo, na ce wa akuyar, "Ga uwar ɗakinki ta iso." Yarinyar ta taso da sanin cewa ranar aurenta akwai jar akuya mai farin kunne da za ta bi ta.

Ban san ranar da leda ta shigo garin nan ba, na dai farka na gan ta. Da farko abin marmari ce. In aka sako maka kaya a ciki sai ka wanke ta, ka shanya a igiya, ka ninke ka tura ƙarƙashin katifa. Ni ma na yi, Allah na tuba, har nakan yi wa maƙwabciyata rowarta. Sannu a hankali ta yi yawa har ta fi ƙarfin katifa. Ladi ta rasu, 'ya'yanta ba wadda ta ɗauki damin. Bakin rafin da ganyen ke fitowa masu shinkafa suka share wani ɓangare, masu buga bulo suka kama sauran. Ni kuma bayan rasuwar maigidana na koma sana'ar Inna, ina alala a ƙofar gida. Na yi ta fafutukar neman ganye har masu saye suka fara ce mini, "Iya, a leda za ki riƙa sa mana, ganyen nan ɗiga yake yi a aljihu." Na yi tsaki, na yi mita, na ce zamani ya lalace. Daga baya na sayo farar leda ƙanana na bi sahu. Gaskiya ta rage mini wahala: ba wanki, ba gogewa, ba karare. Sai dai bakinta da ƙullin Inna nake ɗaurewa, naɗi biyu da ɗan kunne. Amma leda in ta sha tafasa ba ta warwaruwa, sai mai ci ya yage cikinta ya bar ƙullin yadda yake.

'Yan acaɓa da masu faskare da leburori su ne masu karyawa a bencina. Su ci, su ajiye ledar a tire, su tafi. Ni kuma in hantsi ya yi in ɗauki tiren in shiga gida. Ina zan kai? Abin da ya ɗauko abinci ai turke ake kai shi. Hannuna ne ke kaiwa, ban taɓa tsayawa na tambaye shi ba. Na sha jin ana cewa dabbobi suna cin leda su mutu, amma a ganina wannan awakin yawon bola ne, marasa gata, waɗanda yunwa ta sa su cin komai. 'Yar Inna kuwa ga dusa, ga harawar wake, ga kanwa. Don ma kada ta je bola ta kwaso abin da zai cuce ta, na daina sakinta gaba ɗaya, kullum tana ɗaure. In na zube mata tiren sai in ce a raina, za ta lashe waken ta bar ledar, dabba ai ba mahaukaciya ba ce. Da yamma in share abin da ya rage in tura juji. Ko sau ɗaya ban lura cewa abin da nake sharewa bai kai abin da na zuba ba. Sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma ni ce wawan.

Awakina huɗu ne a turken, duk tire ɗaya suke lasa, sai suka fara raguwa. Aka sace ɗaya. Biyu suka mutu shekara biyu a jere, ciki a kumbure, jiki a rame. Na ce annoba ce, har na ɗan zargi bakin mutane. Ya rage saura 'Yar Inna ita kaɗai tilo. Na aro mata bunsurun maƙwabta, kuma Allah ya sa ta ɗauki ciki daidai lokacin da aka sa ranar auren Ummi bayan babbar salla. Na yi murna ba kaɗan ba. Na ce in ta haifi mace, Ummi ta tafi da 'yar, uwar ta zauna ta taya ni hira, amanar Inna ta wuce gaba. Ina lissafin watanni ke nan sai na ga ta daina tuƙa. Ta shinshina dusa ta kawar da kai. Gashinta ya tashi, ƙashin bayanta ya fito, ciki kuwa ta hagu ya yi tauri kamar an cusa dutse. Na jiƙa mata sassaƙen maɗaci, na ɗura mata man gyaɗa, na tofa abin da na sani. Shiru. Babban ɗana ya kira likitan dabbobi. Ya durƙusa ya danna cikin nan da hannu biyu, ya daɗe yana dannawa, sannan ya ce, "Iya, leda ce a cikinta, kuma ta daɗe tana taruwa."

Na ce, "Akuyata? Akuyar da ko ƙofar gida ba ta leƙawa?"

Ya ce, "To, a gidan ta samu ke nan. Da tana da ƙarfi da an gwada yi mata aiki. Yanzu ga rama ga ciki, ba za ta ɗauka ba."

Yana fita sai ga Rabi ta dawo daga kasuwa, hannu biyu cike. Na tsaya ina kallonta tana zazzagewa a tsakar gida. Tumatir a leda, ledar a cikin wata ledar. Garin sabulu 'yan ƙananan ƙunshi guda nawa, madarar shayi haka, taliyar yara kowace da rigarta da ta kayan ɗanɗanonta. Zuciyata ta hau. Rabi 'yar Dukku ce, mace mai haƙuri, shekara ashirin da wani abu muna tare ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, amma ranar ban duba wannan ba.

Na ce, "Kin ji abin da likita ya ce? Kin kashe mini akuya da tarkacenki."

Ta ce, "Iya, ni fa nawa a buhu nake tarawa, mai kwasar shara nake ba."

"Iska fa? Iskar ma a buhu kike tara ta? Kullum ki cika mana gida da leda kamar ke kika ƙirƙiro ta. Amanar uwata ce wannan, kuma ta 'yarki ce, in ba ki sani ba."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya huci zuciyarki, Iya."

Kwana uku ina amsa gaisuwarta da hanci. Ta kawo tuwo in ture. Na gaya wa maƙwabta, na gaya wa masu cin alala, duk wanda ya zauna a bencina sai ya ji labarin surukar da ta kashe akuya. A kwana na huɗu da hantsi 'Yar Inna ta kwanta ta kasa tashi. Ta miƙe wuya a ƙasa tana kallona, numfashi sama-sama. Ɗana ya ce, "Iya, ki yi haƙuri, kada ta yi mushe." Aka kira Malam Ilu mahauci, wanda ya yi shekara da shekaru yana karyawa da alalata. Na shafa kunnen nan fari, na shige ɗaki na toshe kunnuwana da mayafi.

Can ya kira ni. Ya ce, "Iya, fito, don in na faɗa da baki ba za ki yarda ba." Na fito. Na ga ya rufe wani abu da buhu a gefe. Na ce mene ne. Ya ce, "'Ya'yan ne. Biyu. Sun kusa fitowa."

Na ce, "Da mace?"

"Ɗaya mace."

"Kunnen fa?"

Ya kawar da kai, na gane. Sannan ya jawo abin da ya ciro daga tumbinta. Wani dunƙule ne ya kai girman ƙwaryar fura, baƙi-baƙi kore-kore, a murɗe kamar tsohuwar igiya, sai wari. Idona ya rufe. Na ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji, na ce, "Rabi! Fito ki ga aikinki!" Ta fito ta tsaya, hannunta da kumfar wanki. Malam Ilu ya kwara wa dunƙulen ruwa, ya sa wuƙa ya tsaga, ya fara warewa da yatsa. Ina jiran in ga baƙar ledar kasuwa da masu sheƙin nan na sabulu da madara. Babu. Ƙananan ledoji ne da suka taɓa zama farare, cikinsu a yage, kowace da ƙulli a bakinta. Ya ɗaga ɗaya ya duba a rana. Naɗi biyu, da ɗan kunne. Ya ɗaga wata. Ya ce, "Iya, wannan ai..." sai ya haɗiye sauran maganar. A duk unguwar nan ba wanda bai san ƙullin nan ba.

Na zauna a ƙasa daɓas. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na wata. Ƙullin da uwata ta koya mini da ranƙwashi, da maganar da ta koya mini da tafiyar rana, su biyun na haɗa na yanke zuriyar da ta ce kada ta yanke a hannuna. Kuma kullum da bismilla nake zuba mata, ina jin daɗi wai ina bin tarbiyya. Rabi ta kifa bahon wankinta a kan dunƙulen, ta zo ta kama kafaɗata ta ce, "Iya, tashi ki shiga daga rana." Na ce, "Rabi, nawa ne. Ki yafe ni, na ɗora miki abin da ba ki ji ba ba ki gani ba." Ta ce, "Haba Iya, na yafe. Duk garin nan wa ya tsira daga ita?" Na yi kuka ranar irin wanda rabona da shi tun rasuwar Inna.

Na yi wata biyu ban ɗora tukunyar alala ba. Rabi ce ta dawo wata ranar kasuwa da wani ɗan damin ganye ta ajiye a gabana, ta ce wata tsohuwa ta gani da shi wajen masu doya, kuma ta yi alkawarin kawowa duk mako in da mai saye. Na kwance, na shinshina, sai ga Ladi da Inna a tsaye a bakin zaure suna dariya. Na koma alalan ganye. Wasu masu saye suka gudu, wai ba sa iya sawa a aljihu. Na ce su gaida gida. Tsofaffin kuwa suka tsaya, Malam Ilu na farko, ya ci ya lumshe ido ya ce, "Yau dai mun ci alala."

Yanzu in zan shiga kasuwa da kwandona nake zuwa, da kwalbar mai, da kwano mai murfi na nama. 'Yan tireda suna tsokanata, "Ga Iya da kayan tarihi!" In ce, "Tarihin ne ya haifi uwarka, zuba mini a nan." Mai tumatir ya zaro leda in ce mayar da abarka. In sabulu biyu ne a gabana, ɗaya tsirara ɗaya da riga uku, tsiraran nake ɗauka, ai ba rigar zan yi wanka da ita ba. In abu yana da babban ƙunshi guda, ba na sayen 'yan ƙanana goma. Na lura 'yan jari-bola suna tsintar ƙarfe da gwangwani da robar ruwa, amma ledar nan mai sheƙi ko kallonta ba sa yi. Ka ƙona ta hayaƙin ya shaƙe ka, ka binne ta fartanya ta tono maka ita bayan shekaru tana nan yadda take, ka yar ta toshe kwata ko ta sami cikin dabbar wani. Ni ba malama ba ce, ba kuma na iya hana kanti sayar da abin da ya ga dama. Amma ku masu zuwa cefane, kafin ku miƙa hannu ku karɓa, ku tambayi kanku inda rigar za ta bayan an ci abin da ke ciki. In ba ku san amsa ba, ku bar wa mai kanti abinsa. Ummi ma na ce mata in za ta sake kawo tsaraba ta kawo ayaba, ita da rigarta ta zo kuma rigar ta san hanyar gida.

An yi bikin Ummi bayan salla kamar yadda aka sa. Ubanta ya je kasuwar dabbobi ya sayo wata jar akuya don kada a ce ba a cika al'ada ba. Kyakkyawa ce, mai lafiya, kunnuwanta biyu jajaye. Aka ja ta a bayan amarya, mutane suna guɗa, ni ma na yi tawa. Ummi ta rungume ni ta raɗa mini, "Kaka, zan sa mata 'Yar Inna." Na ce ta sa, Allah ya sa albarka. Ban gaya mata abin da ke raina ba.

Ɗana ya so ya cire turken, wai yana tare hanya. Na ce ya bar shi. Har yau in hantsi ya yi, masu cin alala sun watse, nakan tattara ganyen a tire in shiga gida, kuma ban taɓa ankara ba sai na gan ni tsaye a wurin, hannuna a miƙe da ganye mai ragowar wake, ina jiran leɓe mai ɗumi ya taɓa yatsuna. Ganyen ya dawo, bakin da zai karɓa ne babu. Nakan ɗan tsaya, sannan in sunkuya in ajiye shi a gindin turken.